TSOHON ALLO, SABON RUBUTU: BATUN SAUYA WA KWAMFUTAR HANNU UWAR MANHAJA A ƘASAR KAZAURE

Daga Wakilinmu

Idan aka bi ofisoshin ƙananan hukumomi da gidajen malaman makaranta daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, har a dangana da Babura a bakin iyakar Nijar, ba za a rasa samun wata irin na'ura ajiye cikin durowa ko ƙarƙashin tulin fayil ba. Ita ce kwamfutar hannun nan mai siffar allo, wadda 'yan kasuwa ke kira tab. Gilashinta lafiya lau, batirinta yana riƙe caji gwargwado, in an kunna ta kuma tana tashi. Amma mai ita ya yi watsi da ita, domin manhajojin da yake bukata sun daina shiga cikinta, waɗanda ke ciki kuma sun daina aiki ɗaya bayan ɗaya.

Da yawa daga cikin waɗannan alluna ta hannun gwamnati suka zo. Shirin N-Power, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara cikin 2016 da matasa 200,000 masu digiri da takardun ilmi mai zurfi, ya soma raba wa ma'aikatansa alluna cikin 2017, kuma masu koyarwa da masu aikin lafiya da na gona duk sun samu. Cikin irin da aka raba har da Samsung Galaxy Tab E, wanda ya fito kasuwa cikin 2015 ɗauke da Android 4.4. To, a watan Agusta na 2023 kamfanin Google ya daina sabunta hidimominsa a kan wannan tsohon zubi na Android, sa'an nan ran 24 ga watan Oktoba na shekarar WhatsApp ya daina aiki a kan duk na'urar da ba ta kai Android 5 ba. Duk allon da ya tsaya a zubi na 4.4 ya zama kamar motar da injinta ke da lafiya amma aka rufe mata hanya.

Abin da ya tsufa a nan shi ne uwar manhaja, watau babban tsarin da ke tashi da zarar an kunna na'ura, wanda ke raba wa kowace ƙaramar manhaja wurin zama da lokacin aiki, ya kuma isar da saƙo tsakaninta da gilashi da lasifika da kyamara. A kan yawancin allunan da ke ƙasar nan Android ce uwar, a kan iPad ta kamfanin Apple ce, wasu kuma Windows gare su. Hausawa sun san cewa in almajiri ya haddace abin da ke allonsa, wanke shi ake yi a rubuta sabo, ba a jefar da itacen. Tambayar da ɗalibai da ma'aikata ke yi ita ce ko allon zamani ma yana wankuwa. Yana wankuwa, amma ba kowanne ba, kuma ba a kowane hannu ba.

Kazaure ba baƙuwar wannan zance ba ce. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ɗan garin, wanda ya mulki Jihar Jigawa daga 1999 zuwa 2007, an kafa cibiyar koyon aikin kwamfuta a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo, a lokacin da jihohi da dama ba su ɗauki kwamfuta a bakin kome ba. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda jiha ta kafa kana daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓa. Cikin 2021 aka ƙara da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ke nan wannan kusurwa ta arewa maso yammacin jihar tana da masu ilmin da za su iya wannan aiki fiye da wurare da yawa.

Wani abin sha'awa shi ne, tushen duk wannan al'amari sa'an Jihar Jigawa ne. Ran 25 ga watan Agusta, 1991, wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta wata uwar manhaja don nishaɗin kansa. Kwana biyu bayan haka, ran 27 ga wata, aka yanke Jigawa daga Jihar Kano. Abin da ɗalibin nan ya fara shi ne Linux, kuma ya sake shi a kan sharaɗin cewa kowa na iya karanta rubutunsa, ya gyara, ya raba wa wasu, muddin shi ma ya bayyana gyaran da ya yi. A kan zuciyar Linux aka gina Android, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta fito cikin 2008. Saboda wannan sharaɗi, da kuma yadda Google ke sakin babban ɓangaren Android a fili, masu sa kai ke iya ɗaukarta su ɗinka wa tsohuwar na'ura sabuwar riga.

Nijeriya ma ta taɓa shiga bakin duniya a kan rikicin sauya uwar manhaja. Cikin 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate na kamfanin Intel domin makarantun ƙasar nan, aka kuma amince za su zo da Linux irin ta kamfanin Mandriva na Faransa. Ana cikin haka, a ƙarshen watan Oktoba shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana kukan cewa an sanar da shi za a goge tasu a ɗora Windows bayan kayan sun iso. Kwanaki kaɗan bayan haka, asusun gwamnati na yaɗa hanyoyin sadarwa, wanda shi ne ke biyan kuɗin 11,000 daga cikin kwamfutocin, ya ce shi dai yana nan kan Mandriva. A wannan shekarar ce kuma aka gwada shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja, da ƙananan na'urori masu launin kore da fari waɗanda su ma Linux ce a cikinsu. Kamfanin Mandriva ya rushe cikin 2015. Amma mutumin da ya assasa asalinsa cikin 1998, Gaël Duval, shi ne yau ke jagorantar /e/OS, ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ake ɗora wa waya da allo a madadin Android ta kamfani.

Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce LineageOS. Ta gaji wata ce mai suna CyanogenMod, wadda aka fara cikin 2009 aka kuma rufe a watan Disamba na 2016. Ita Android ce tsantsa, ba tallace-tallace, ba tarkacen manhajojin da masana'anta ke cusawa, kuma ba ta zuwa da kantin Google sai wanda ya ga dama ya ƙara da kansa. Akwai Ubuntu Touch, wadda kamfanin Canonical ya yi watsi da ita cikin 2017 sai wata ƙungiya mai suna UBports ta ɗauka ta ci gaba, akwai kuma postmarketOS wadda aka fara a wannan shekarar da niyyar na'ura ta shekara goma tana aiki. Waɗannan biyu na ƙarshe ba Android ba ne, don haka yawancin manhajojin da ma'aikaci ya saba da su ba sa hawa kansu kai tsaye. Sun fi dacewa da ɗalibin da ke son koyo.

Yanzu kuma sai yadda ake yin aikin, domin a nan ne ake samun ɓarna.

Kwamfutar tebur, ko ta cinya, tana iya gaya wa kowace uwar manhaja irin kayan da ke cikinta tun wurin tashi. Shi ya sa kwafi ɗaya na Linux a kan filas zai tashi a kan kwamfutoci dubu masu bambancin suna. Allo mai Android ba haka yake ba. Kowane samfuri sai an ɗinka masa tasa daban, a haɗa masa ƙananan manhajojin da ke tafinta tsakanin uwar da gilashinsa da kyamararsa da eriyarsa. Saboda haka matakin farko shi ne mutum ya san ainihin lambar samfurin da ke hannunsa, ba sunan da ke jikin kwali kaɗai ba. Shi kansa Galaxy Tab E mai inci 9.6 akwai SM-T560 wanda ba ya ɗaukar layi, akwai SM-T561 mai ɗaukar layi. A ido tagwaye ne, amma ba a ba ɗaya abincin ɗan'uwansa.

Bayan an tabbatar akwai wadda aka ɗinka wa wannan samfuri, sai a kwashe duk abin da ke ciki, hotuna da takardu da lambobin mutane, a ajiye a wani wuri. Wannan tilas ne, gama mataki na gaba zai share kome. Sa'an nan a shiga saitin na'urar, wurin bayaninta, a taɓa layin da aka rubuta "Build number" sau 7 a jere. Yin haka yana fito da wani ɓoyayyen sashe na masu ƙirƙirar manhaja, inda ake kunna izinin buɗe ƙofar tashi. Ita ƙofar tashi wata 'yar manhaja ce da ke fara farkawa kafin kowa, aikinta kuwa shi ne ta duba hatimin uwar manhaja, in ba na masana'anta ba ne ta hana ta wucewa. Ana haɗa allon da kwamfuta ta kebul, a aika masa umarnin buɗewa. Yawancin kamfanoni da manhajar fastboot ake yi, na Samsung kuwa suna da tasu hanyar, da Odin ko Heimdall. In ƙofa ta buɗe, sai a ɗora wata ƙaramar manhajar ceto, ta cikinta a share tsohuwar uwa, a tura sabuwar. Mai son kantin Google a wannan zama zai ƙara shi, kafin tashin farko. Tashin farko yakan ɗauki mintoci masu yawa, kuma a nan ne marar haƙuri ke danne maɓalli ya jawo wa kansa aiki.

A rubuce abin kamar ba wuya. A aikace kuwa, mutanen ƙasar Kazaure suna da cikas biyu da Bature mai rubuta bayanin bai yi tunaninsu ba.

Na farko wutar lantarki. In aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, ko kebul mai sako-sako ya motsa, a daidai lokacin da ake rubuta ƙofar tashi, allon na iya zama abin da masu sana'ar ke kira bulo, watau ba ya kunnuwa, ba ya caji, ba ya amsa kira. Lalle ne a yi aikin da kwamfutar cinya mai cikakken batir, allon ma a cika shi, a kuma sayi kebul na kirki. Kuɗin kebul ƙalilan ne in aka kwatanta da kuɗin allo.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne irin kayan da ke kasuwarmu. Wanda ya shiga Farm Centre a Kano, inda 'yan tireda na Kazaure da Babura ke saro kaya, zai tarar Tecno da itel da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, su suka cika kanti, tare da wasu alluna masu araha da ba a san mahaifinsu ba. Galibinsu ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc ke cikinsu. Su kuwa masu sa kai da ke ɗinka LineageOS yawancinsu a Turai da Amurka da Indiya suke, abin da ke aljihunsu suke yi wa aiki, kuma sun fi sabawa da ƙwaƙwalwar Qualcomm. Bugu da ƙari, ko da yake sharaɗin Linux ya wajabta wa duk mai sayar da na'ura ya bayyana gyaran da ya yi wa zuciyarta, ba kowane kamfani ke cika wannan ba. Sakamakon haka, a jerin na'urorin da LineageOS ta amince da su alluna ƙalilan ne, kuma da wuya mai karatu ya ga nasa a ciki. Abin da ake samu ga irin Tab E shi ne ɗinkin da wani mutum ɗaya ya yi a ɗakinsa ya saka a intanet. Wani yana aiki sarai, wani kyamara ba ta tashi, wani kuma layi ne ba ya kamawa.

Akwai ɗan sauƙi ga alluna na baya-bayan nan. Cikin 2017 Google ya sake ginin Android ta yadda aka raba ɓangaren masana'anta da ɓangaren uwar, abin da suka kira Treble. Na'urar da ta fito daga masana'anta da Android 8 ko sama tana iya karɓar uwa ta gama-gari wadda ba a ɗinka mata ita kaɗai ba. Sai dai a daidai lokacin da wannan ƙofa ke buɗewa, kamfanoni na rufe wata. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Xiaomi yana sa mutum ya yi rajista ya jira kwanaki. A na'urorin Samsung masu tsaron Knox akwai wani ɗan fis da ke ƙonewa da zarar an ɗora baƙuwar manhaja, kuma ba ya gyaruwa ko an mayar da ta asali. Shi iPad ma ba a maganarsa, domin Apple bai bar wata ƙofa ba.

Ya kamata a bambanta wannan aiki da abin da masu gyaran waya ke kira filashin. Shi filashin, a mafi yawan lokaci, mayar wa na'ura da uwarta ta asali ne bayan ta rikice, kuma yaran da ke zaune a rumfunan gyara sun gwanance da shi. Amma ko a nan akan yi asara. A na'urori masu MediaTek, in aka zaɓi share kome da kome a manhajar filashin, lambar shaidar na'urar, watau IMEI, tana iya gogewa, daga nan kuma layi ba zai ƙara kamawa ba. Har ila yau, tun daga Android 5.1 na 2015, allon da aka share da ƙarfi yakan nemi asusun Google na mai shi na farko kafin ya buɗe. An yi haka ne don maganin ɓarayi. Mai gyaran da aka kawo wa allo aka ce ya tsallake wannan shinge, ba rasit ba kwali, ya san irin kasuwar da ake gayyatarsa.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai wata magana ta daban, kuma ita ce ya kamata ya fara dubawa kafin kebul da kwamfuta. Allon na wane ne? Wanda aka mallaka wa mutum nasa ne, ya yi yadda ya so. Amma wanda ma'aikata ta ba shi don tattara alƙaluman rigakafi, ko rajistar manoma, ko lissafin ɗalibai, dukiyar hukuma ce, kuma bayanan da ke ciki amanar jama'a ne da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta yi magana a kansu. Irin waɗannan alluna galibi a kulle suke da gangan, kamar na'urorin BVAS da hukumar zaɓe ta fara amfani da su cikin 2021, ko waɗanda aka tanada don ƙidayar jama'a ta 2023 da aka ɗage a watan Afrilu na shekarar. Buɗe ƙofar tashi yana rage tsaro, gama duk wanda na'urar ta faɗa hannunsa yana iya ɗora mata abin da ya ga dama. Wannan ne ma dalilin da ya sa manhajojin banki da yawa ke ƙin aiki a kan allon da aka sauya wa uwa: suna tambayar Google ko hatimin na nan, in aka ce babu sai su rufe. Wanda albashinsa ke bi ta wannan allo ya yi tunani sau biyu.

To, me ake samu bayan duk wannan wahala? A ganina ribar ta fi yawa a wurin da sabis ya fi ƙaranci. A ƙauyukan Gwiwa da tsakanin duwatsun Roni, malamin makaranta ba ya bukatar allon da zai yi gasa da sabon fitowa. Yana bukatar wanda zai buɗe littafi, ya nuna hoto da bidiyon darasi, ya riƙe caji har a tashi. Uwar da aka rage wa kaya ba ta cin batir da data a ɓoye kamar wadda ke cike da talla. Akwai kantin F-Droid na manhajoji kyauta, akwai kuma Kiwix, wadda ke ba mutum damar sauke Wikipedia ta Hausa ko ta Turanci sau ɗaya a Kazaure ya je ya yi ta karantawa inda ba intanet. Sabon zubi kuma yana karɓar allon rubutu mai haruffan nan namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda rashinsu ya sa ɗalibai da yawa ba sa bambanta ƙafa da kafa a rubuce. Jihar Osun ta gwada irin wannan tunani cikin 2013 da allunan Opon Imo, da aka cika da littattafai da tambayoyin jarrabawa don 'yan sakandare su karanta ba tare da intanet ba.

Masu alluna na Windows su ne suka fi kowa sa'a, ko da yake su ma ran 14 ga watan Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum. Tun da ƙwaƙwalwar Intel ke cikin yawancinsu, ginin kwamfutar tebur gare su, ana iya tayar da Linux daga filas a gwada sauti da gilashi da Wi-Fi kafin a goge kome.

Wasu ƙasashe sun ɗauki batun a matsayin aikin hukuma. Jihar Kerala ta Indiya ta mayar da kwamfutocin makarantun gwamnatinta kan Linux shekaru da dama da suka wuce, ta kuma horar da malamanta su kula da su. Tarayyar Turai kuwa ta bi ta kan masana'antu: daga ran 20 ga watan Yuni, 2025, wayoyi da allunan da ake shigarwa kasuwarta tilas a ci gaba da sabunta uwarsu har shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Dalilinsu a fili yake, domin rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna tarkacen kayan lantarki da duniya ta zubar cikin 2022 ya kai tan miliyan 62. Mu da muke sayen kaya da kuɗin jama'a, ba abin da zai hana jami'in da ke rubuta takardar kwangila ya sa sharuɗɗa biyu: shekara nawa kamfani zai sabunta uwar manhaja, da kuma ko zai ba hukuma damar buɗe ƙofar tashi ranar da ya daina. Ana tambayar girman gilashi da yawan ma'aji, waɗannan biyu kuwa ba safai ake tunawa da su ba.

Ga ɗaliban Kazaure da Babura kuma, aikin kammala karatu ne zaune yana jiran mai ɗauka. Tun da masu sa kai na ƙetare ba su riƙe Tecno ko itel ba, ba za su ɗinka musu kome ba. Ɗalibin da ya ɗauki samfuri ɗaya tak daga cikin waɗanda suka cika durowoyin malamai, ya gwada uwa ta gama-gari ko ɗinkin da ke akwai a kansa, ya rubuta da Hausa abin da ya yi aiki da abin da ya ƙi, daga kyamara zuwa layi zuwa awoyin batir, ya ajiye kwafin uwar asali a sashensu don mai son komawa, zai bukaci kwamfutar cinya ɗaya ne, da kebul mai kyau, da alluna biyu ko uku da masu su suka yarda ko da sun zama bulo.